Yayi Kasuwa Ne, Amma Kada Ya Cinye Mana Jari

Hajiya shugabar ƙungiya, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, 'yan uwa mambobi, da iyayen gida da suka ba mu izini har suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda suka taso daga Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye da Surko, sannunku da hanya.

A bana mu 'yan ɓangaren kasuwa, masu atamfa da mayafai da kayan kwalliya, aka ce mu tashi mu yi magana. Da muka zauna shawara, sai muka ga hirar da ta fi yawa a bakinmu, a rumfa da tsakar gida, ita ce ta fim da yayi da ƙwallo. Wata za ta ce, to ina ruwan ƙungiyar adashi da wannan? Da ruwanta, Hajiya, domin ta nan kuɗi ke shigo mana, ta nan kuma suke zurarewa.

Yawancinmu a zamanin kaset muka tashi. Wajen shekarar 2000, lokacin da fim ɗin Sangaya ke tashe, gida ɗaya ne a unguwa ke da bidiyo, a taru a kan tabarma a kalla in an samu wuta ko man janareto. Ɗinkin da aka gani a jikin 'yar wasa kan yi watanni kafin ya iso wurin telanmu, in ya iso kuma sai ya shekara ana yayinsa. Iyayenmu da ke nan sun tuna ɗaurin ture-ka-ga-tsiya da ɗaurin Maryam Babangida, an daɗe ana yin su. A 2014 tashar Arewa24 ta fara aiki, aka shiga kallon Daɗin Kowa, daga baya Kwana Casa'in, sai Labarina a 2020. Yanzu kuwa komai ya koma cikin waya. Amarya ta yi biki a Kano ko Abuja ranar Asabar, ranar Litinin 'yarki ta miƙo miki hoto daga TikTok ko WhatsApp ta ce, "Umma, irin wannan nake so."

Ba mu zo yin tir da kallo ba. Mu ma muna kallo, muna musu a kan wa ya kyauta wa ya cuci wani a cikin shiri, har ciniki ya wuce mu ba mu sani ba. Kuma gaskiya yayi yana ciyar da gidaje da dama a cikin wannan taro. Sabon ɗinki ya fito, tela ta samu aiki. Sabon zanen lalle ya fito, mai ƙunshi ta samu layi. Mai humra da turaren wuta, mai kitso, dillaliya mai shiga gida-gida, kowa na samun rabonta.

Inda gizo ke saƙar shi ne saurin da yayi ke yi yanzu. Bari mu faɗa muku yadda abin ke tafiya a wurinmu masu sari. Tun da masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, har babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta dakatar da aiki a 2007, mafi yawan atamfar da muke sarowa a Kantin Kwari daga Chana take zuwa. Da zarar zane ɗaya ya karɓu, ba a daɗewa sai mai kama da shi ya cika kasuwa a kan farashi mai sauƙi. Ke da kika saro na farko da tsada, kina dawowa gida kin tarar an fara neman wani. Turmi goma kika ɗauko, kin sayar da huɗu, shida sun zama kwantai. Ga kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 bai sake komawa yadda muka san shi ba. Ƙarshenta ki karya farashi, ko ki bayar bashi, ki yi ta bin gidaje kina sallama ana ce miki ba ta nan.

Wannan ɓangaren mai sayarwa ke nan. Ɓangaren mai saye ya fi ciwo, kuma mu ɗin ne dai. Maganar anko muke yi. Duk wadda ta taɓa riƙe littafin ƙungiya ta san lokacin da zubi ke tsaiko: bayan Sallah, da kuma bayan kaka in bukukuwa suka kankama. Mu yi lissafi tare, kamar yadda malama ta koya mana a allo. A ce kin kwashi adashi naira 60,000 da niyyar ƙara jari. Aka fitar da anko na 12,000. Ɗinki 4,000. Mayafi da takalmin da za su shiga da shi 6,000. Gudummawa 3,000. An tashi 25,000 a biki ɗaya. In biki biyu suka haɗu a wata guda, 50,000 sun tafi, saura 10,000 a hannunki, ga zubin mako yana jiranki. Kayan kuma sau nawa za ki sa? Sau biyu ko uku, sai a ce ai an san shi, ankon bikin wance ne. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, to kwalliyar da aka yi da kuɗin rance ita ma aro ce.

Mun san abin da ke sa mace ta saya ko ba ta da hali: tsoron gori. Kada a ce ba ta yi kara ba, kada a ɗauki hoto a ga ita kaɗai ta fita daban, a sa a waya kowa ya gani. Wannan tsoron mu muke dasa wa junanmu shi, don haka mu ne za mu iya cire shi.

Sai 'ya'yanmu maza da ƙwallo. Wannan ɗan Arsenal, wancan ɗan Chelsea, ƙaninsu ɗan Barcelona, a dawo daga gidan kallo ana gardama har tuwo ya huce. Mu kanmu mun yi guɗa da Ahmed Musa ya ci Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2018, kuma unguwa ta yi tsit daren da Kwadebuwa ta doke Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024. Masu awara da gyaɗa da zoɓo a cikinmu sun san ranar babban wasa ranar ciniki ce. Abin da ke ba mu tsoro shi ne cacar ƙwallo da ta shigo cikin waya. Yaro ya fara da naira 100, gobe 500, jibi ki aike shi karɓo kuɗin kaya ya dawo da labari. In kika ga cinikin da kike ba yaro yana ƙin cika, kada ki tsaya zargin aljanu, ki zaunar da shi ki tambaye shi cikin lalama, a kuma sanar da mahaifinsa tun abin bai yi nisa ba.

To, me muke kawowa gaban ƙungiya? Abu biyar ne, muna roƙon a tattauna su a zama mai zuwa.

Na farko, mai sari kada ta zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarinta a kayan yayi. Sauran ta sa a kayan da ba sa tsufa a rumfa: hijabin makaranta, zanen gado, yadin yara, atamfar da iyayenmu ke saye rani da damina.

Na biyu, mu riƙa haɗa sari. Maimakon mata goma su biya kuɗin mota zuwa Kwari, biyu su tafi da saƙon kowa a rubuce. An rage kuɗin hanya, kuma mai sayen turmi hamsin ba farashinta ɗaya da mai sayen biyar ba.

Na uku, in mamba za ta fitar da anko, ƙungiya ta sa iyakar farashin da ba za a wuce ba, kuma a saya a hannun mambobi don ribar ta tsaya a gida. Wadda ba ta samu dama ba ta sa mai kyau cikin abin da take da shi ta zo, a tarbe ta da fara'a. Duk wadda ta yi mata gori, ita ce ta saɓa wa ƙungiya.

Na huɗu, a buɗe ƙaramin asusun biki da Sallah dabam, kowa ta riƙa jefa abin da ya sawwaƙa duk mako. Kuɗin rance kuwa na sana'a ne kaɗai, kada ya shiga wurin tela.

Na biyar, kowace mamba ta riƙe littafi. Mu da muka shiga aji da girmanmu, wasu da jikoki, mun ga amfaninsa. Ki rubuta abin da kika saro, abin da kika sayar, wanda ya ci bashi, har kuɗin data da cajin waya da na tura fim. Ƙananan kuɗin nan ne ba a jin fitarsu, sai an tara na wata guda a ga sun kai kuɗin mudun shinkafa da yawa. Wadda hannunta bai faɗa ba tukuna, 'yarta ta rubuta mata, ita kuma ta zo aji, ƙofa a buɗe take.

'Yan matanmu da ke zaune a baya, ku ji da kyau. Yawancin kayan da kuke gani a jikin 'yan fim da masu TikTok na aiki ne, wasu ma talla ake biyan su su yi. Ku da kuka iya waya fiye da mu, ku taimaka mana da ita: ku ɗauki hoton kayan iyayenku ku tura wa masu saye, ku faɗa mana abin da ya fara tashe tun kafin ya cika kasuwa. Iyayen gida kuma, muna godiya da haƙurinku, muna roƙon in an zo maganar lefe da kayan Sallah a zauna a yi daidai ruwa daidai tsaki.

Allah ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, ya shirya mana zuri'a, ya jiƙan mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya nuna mana taron baɗi da rai da lafiya, ya mai da kowa gidanta lafiya.