Dogo daga Iyaka zuwa Galmi: A Fara Tsare Hanya Kafin Jirgi Ya Zo

 

Da aka ce in yi magana kan ƙaramin jirgin ƙasa mai zirga-zirga a Birnin Ƙonni da kewayenta, wani abokina ya yi dariya, ya ce, "Malam, garin da kabu-kabu ke sarauta za ka kawo wa jirgi?" Na ce masa ba jirgi na zo sayarwa ba, layi na zo ja a ƙasa da tsinke, mu duba shi tare.

Ba injiniya ke zana hanyar irin wannan jirgi ba, sawun mutane ke zana ta, kuma sawun mutanen Ƙonni ba ɓoyayye ba ne. Daga kudu yake tasowa, daga iyakar Illela ta jihar Sakkwato, inda fasinja da kaya ke kwararowa dare da rana. Ya ratsa kasuwa da tasha, ya hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maradi da Damagaram, ya nufi gabas. Bayan kimanin kilomita 15 ya isa Tsarnawa, mararrabar da hanyar Tawa ke ballewa arewa. Daga nan sai Malbaza mai siminti, sai Galmi mai albasar da sunanta ya zagaye Afirka ta Yamma, mai asibitin da majinyata ke zuwa har daga Najeriya. Wannan shi ne gangar jikin layin. Reshensa kuwa zai tashi daga Tsarnawa ya bi ta Badagishiri, inda mutanen ɗaya Illelar, ta Adar, za su same shi. Ashe dogo ɗaya zai iya haɗa Illela biyu.

Me ya bambanta shi da mota? Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta cin ƙarfi kamar taya a kan kwalta, don haka wuta kaɗan ke jan nauyi mai yawa. Yana ɗaukar wutarsa daga wayar da aka rataya a samansa, yana tsayawa a tashoshi na kusa da kusa cikin gari, ya saki jiki idan ya fita fili. Idan an keɓe masa hanyarsa, bai cika saɓa lokaci ba. Kada wani ya ce rairayi da zafi sun hana: birnin Wargala na Aljeriya, a tsakiyar Sahara, ya buɗe nasa a 2018. Adis Ababa ta buɗe nata a 2015, Legas a 2023.

To amma kowa a ɗakin nan ya san labarin dogon Yamai zuwa Doso. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 tsakanin 2014 da 2016, aka yi biki, aka tafa, sannan ƙarfe ya kwanta a rana ba fasinja ba kaya. Dogon da bai isa teku ba, bai kuma haɗu da wani dogo ba, rijiya ce ba guga. Darasin a bayyane yake: a fara tambayar wa zai hau, me za a ɗora. Fasinjan Ƙonni kaɗai ba za su iya riƙe jirgi ba, don garin ba Legas ba ne. Sai dai idan rana ta ɗauki mutane, dare ya ɗauki buhunan siminti da albasa da amfanin fadamar da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa. Wannan kuwa na nufin a gina dogon da ƙarfin ɗaukar kaya, da faɗi irin na layin Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a 2021, don wata rana su gaisa.

Sai batun wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka yanke lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, aka kuma rufe iyaka. Jirgin da ya dogara da wutar maƙwabci, ranar da aka yi saɓani a hanya zai kwana. Abin farin ciki, tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018 ta nuna cewa ranar da ke ƙona mu tana iya ja mana taragu. Haka kuma duk gadar da za a yi, a auna ta da ambaliyar kogin Majiya ta tsakiyar damina, ba da busasshiyar koramar bazara ba.

'Yan kabu-kabu da masu adaidaita fa? Jirgi ba ya shiga lungu. Su ne za su kwaso mutane daga unguwanni su kai tasha, su mai da su ƙofar gida. A zauna da ƙungiyoyinsu tun yanzu, kada su ji labari a rediyo.

Ga roƙona ga magadan garin Ƙonni, Tsarnawa, Malbaza da Dogarawa. Kuɗin jirgi ba ku da su, amma filaye a hannunku suke. Ku zauna da sarakuna da masu gonaki, ku keɓe zirin fili a gefen kwalta tun daga iyaka har Galmi, ku kafa turaku, ku hana yanka fulotai a cikinsa. Ku sa manyan motocin safa su riƙa bin layin a kan lokaci, ɗalibanmu na Jami'ar Tawa su ƙirga masu hawa da sauka a kowace tasha, a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Idan lissafi ya nuna jirgi, hanya na nan ba sai an rushe gidan kowa ba. Idan bai nuna ba, kun sami titin safa da inuwar itatuwa. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.