Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Haƙƙinmu Na Ruwan Sha



Yawancinmu daga Kano, Katsina da Sakkwato muka zo Suleja, kuma gidajen haya muke ciki, inda rijiya da masai suke tsakar gida ɗaya. Shi ya sa yau za mu yi magana kan ruwa.

Ruwa zagaye yake yi. Rana ta ɗebe shi daga kogi, ya zama hadari, ya sauko da damina. Wani ya bi kwata ya faɗa Kogin Iku, wani ya nutse ƙasa ya tarar da rijiyarmu. Duk abin da ya taka a hanya, bola ce ko masai ko baƙin man gareji, da shi yake tafiya. Ashe abin da muka zubar jiya shi muke ja da guga yau.

Ido da hanci suna kama ruwa mai laka ko wari, amma ba sa ganin ƙwayar cuta. Ruwa na iya zama garau ya sa amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, har da Jihar Neja. Alam laka kawai yake kwantarwa; tafasawa ko kulorin ne ke kashe ƙwayar.

To, ina haƙƙinmu? A ranar 28 ga Yuli, 2010, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa tsabtataccen ruwa haƙƙin kowane ɗan Adam ne, ba ta ware ɗan gari da baƙo ba. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ta ce kada a sami ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya cikin mililita 100. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatar da haka.

Saboda haka muna roƙo: mu tambayi ɗan garuwa inda yake ɗibowa. Mu rufe bakin rijiya, mu rataye guga. Sabon masai ya nisanci rijiya da kamar mita 30. Kowace unguwa ta haɗu ta rubuta wa duba-gari na ƙaramar hukuma takardar neman a gwada rijiyoyi da burtsatse. Wanda bai iya rubutu ba, mu ma a ajin yaƙi da jahilci muka koya. Ya zo mu rubuta tare.

Allah Ya kare mana zuri'a. Wassalam.