Ambaliyar Alau: Agaji ko Haƙƙi?



Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ya shiga asibitin koyarwa, ya rusa katangar gidan yari, har ya fito da kadoji daga gidan namun daji. Jaridu da gidajen rediyo suka kira abin iftila'i. To, amma madatsar nan ta taɓa yin ambaliya a 1994. Shekara talatin cur ke nan tsakani. Wa aka ɗora wa alhakin kula da ita?

Kafin a amsa wannan tambaya, sai labarai suka koma lissafin attajirai da gwamnoni, wane ya ba da miliyan kaza, ga hotonsa yana miƙa ceki. Su kuwa talakawa aka mayar da su sansanin Bakassi, wanda gwamnati ta rufe a 2021, suna layin shinkafa.

Michael Watts, cikin littafinsa Silent Violence na 1983, ya nuna yadda harajin Turawa da noman gyaɗa suka raunana rumbun manomin Katsina tun kafin fari ya iso. Haka ya kamata mu karanta Alau. Jama'a, aikinmu a jami'a shi ne mu nemi a buga kasafin gyaran madatsar nan tun daga 1994, shekara bi shekara, da sunayen 'yan kwangila, tare da cikakken lissafin gudummawar da aka tara da inda ta shiga.