Kallon Taurari: Abin da Yake Ci da Abin da Yake Haifarwa

Lacca ga malaman makarantu, ɗalibai da manoman yankin Ruwan Gizo

 

An ɗora mini magana a kan sha'awar kallon taurari, wato mutum ya riƙa nazarin sararin samaniya don son ransa, ba don albashi ba. Na san abin da wasu ke faɗa a zuci: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ina mai neman kuɗin taki ina ɗaga kai sama? Tambaya ce mai kyau, kuma da lissafi zan amsa ta. Abin da nake son kafawa shi ne, ɓangaren da ya fi tsada a wannan harka muna da shi a hannu, ɓangaren da ake saye da kuɗi kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya amma bai fi ƙarfin makaranta ko unguwa ba.

Tun da farko a bambance. Ilmin falaki lissafin tafiyar rana da wata da taurari ne. Ba duba ba ne, ba shi da hulɗa da faɗin sa'ar aure ko ta kasuwa.

Jarin da ke hannunmu

Na farko shi ne duhu. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama da dare, saboda hasken fitilun birane ya dusashe shi. A Arewacin Amurka kusan mutum 80 cikin 100 ne ba sa ganinsa. Masu sha'awar taurari a can sai sun yi tafiyar sa'o'i a mota, sun biya masauki, kafin su sami irin daren da yaro ke kwana a ƙarƙashinsa a tsakar gida a Ruwan Gizo. Ban ce rashin lantarki abin alfahari ba ne. Amma tun da duhun na nan, a ci moriyarsa.

Na biyu shi ne mazauninmu a doron ƙasa. Muna wajen digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka muna ganin tauraron arewa can ƙasa-ƙasa, muna kuma ganin Suhailu da sauran taurarin kudu waɗanda mutumin Ingila ba zai taɓa gani daga ƙofar gidansa ba.

Na uku shi ne gado. Tsofaffinmu sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Gamzaki da Zara. Malaman zaure suna riƙe da lissafin manzilolin wata 28, waɗanda aya ta 5 ta Suratu Yunus ta yi nuni da su, irin su Surayya da Dabaran da Haƙ'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Kowannensu kwana 13 yake yi, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Dalilin wannan lissafi a fili yake: shekarar wata kwana 354 ce, tana zamewa da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka ba ta gaya wa manomi lokacin shuka. Taurari kuwa suna tafiya tare da damina da rani. A manyan malamai ma muna da Muhammadu bin Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti.

Nawa ne kuɗin?

Matakai uku ne, kuma a jere ake hawansu.

Matakin farko ido ne da littafi da fensir. A dare mai duhu ido yana ganin taurari fiye da 2,000 a lokaci guda, kuma yana ganin duniyoyi biyar: Uɗaridu, Zuhura wadda muke kira Zara, Mirrihi, Mushtari da Zuhal. Mai babbar waya zai iya sauke manhajar Stellarium, wadda ke da nau'in kyauta, ta nuna masa sunan abin da yake kallo. Wanda ya yi wata uku yana fita bayan isha zai gano da kansa cewa kowane tauraro yana riga jiya fitowa da kimanin minti 4, wato sa'a 2 a wata. Wannan mataki bai ci kwabo ba, amma shi ne tushe.

Mataki na biyu madubin hangen nesa ne mai ido biyu, wanda aka rubuta wa 10x50. Ma'anar lambar ita ce yana ƙara girman abu sau 10, kuma faɗin gilashinsa milimita 50 ne, don haka yana tara haske kusan sau 50 fiye da ƙwayar ido. Mai kyau a kasuwar duniya yana kaiwa dala 50 zuwa 100. Da shi za ka ga ramuka da duwatsun da ke jikin wata. 'Ya'yan Kaza da ido ke ƙirga shida ko bakwai za su koma gommai. In ka jingina hannu a katanga don kada ya yi rawa, za ka ga watannin Mushtari guda huɗu, waɗanda Galileo ya fara gani a Janairun 1610.

Mataki na uku shi ne babban madubi mai ido ɗaya. Mafi sauƙin kuɗi idan aka dubi girmansa shi ne samfurin da John Dobson ya yayata a Amurka tun shekarun 1960, bututu ne a kan akwatin katako, ba ya bukatar lantarki. Mai faɗin inci 8 yana kaiwa wajen dala 600, ban da kuɗin dako da na kwastan. Tun da dala ta haura naira 1,000, kuma mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kun ga albashin fiye da wata takwas ke nan. Ba zan ce wa malamin firamare ya saya ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Madubi ba ya cin mai, ba ya ƙarewa da kallo, in an kare shi daga ƙura yana shekaru ashirin yana aiki, kuma ɗalibai ɗari za su iya leƙa shi a dare ɗaya su ga zoben Zuhal. Cibiyoyi irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara, da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, su ne gidajen da suka dace da irin wannan kaya, makarantun ƙauye su riƙa aro.

Gargaɗi biyu. Ku guji ƙananan madubai masu arha da ake rubuta wa "sau 500" a jikin kwali, domin faɗin gilashi ne ke aiki, ba lambar talla ba. Kuma kada kowa ya kalli rana da madubi ko da na ƙiftawa ne, makanta ce nan take.

Akwai kuma farashin da ba na kuɗi ba. Damina hadari ke rufe sama, hunturu kuwa hazo, saboda haka kaka, watannin Oktoba da Nuwamba, ita ce babbar damarmu. Sai tsaro. Duk mun san sace ɗalibai mata da aka yi a Jangebe a Fabrairun 2021, mun san halin da ƙauyukanmu ke ciki. Bakin madatsar Bakolori fili ne mai kyau na hangen yamma, amma ba na ce wa kowa ya fita daji da dare ba. A yi kallo a tsakar gida ko harabar makaranta a cikin gari, tsakanin magariba da isha. Kuma a sanar da mai unguwa da jami'an tsaro tun da wuri, domin a wannan zamani mutum da madubin hangen nesa a hannu yana iya jawo wa kansa zargi.

Me ake samu?

Ribar farko ganin wata ne. Duk ranar 29 ga wata fadar Sarkin Musulmi kan nemi jama'a su duba jinjiri, su kai rahoto ga hakimi ko dagaci mafi kusa. Ingancin sanarwar ya rataya ne a kan ingancin shaidu. Wanda ya saba da sama ya san inda rana ta faɗi, ya san gefen da jinjiri zai tsaya da yadda ƙahonsa zai karkata. Ya san cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, ido ba ya ganinsa. Ba zai ɗauki Zara ko guntun gajimare a matsayin wata ba. A ce kowace gunduma tana da irin waɗannan mutane biyar, da jayayyar azumi da salla ta ragu.

Riba ta biyu ta manomi ce. Lissafin manziloli an gina shi ne a kan daminar kakanni. Idan ɗalibai suka riƙa rubuta ranar da Kaza ta ɓace a yamma, da ranar da ta sake ɓullowa da asuba, da ranar ruwan shuka, shekara goma a jere, za mu san da hujja ko damina ta gusa daga inda tsofaffi suka san ta.

Riba ta uku ita ce tarbiyyar shaida: ka ga abu, ka rubuta rana da sa'a da wuri, ka bambance abin da ka gani da abin da kake zato. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mirrihi ya fito, kuma yau giram ɗaya nasa ya fi giram na zinariya tsada. An san darajarsa ne don an ga faɗowarsa, an adana shi, an rubuta ranar. Ranar 29 ga Maris, 2006, cikakken husufin rana ya ratsa ta Gusau da Katsina da hantsi. Da yawanmu mun gani, amma mu nawa ne muka rubuta mintin da duhu ya sauka da mintin da ya yaye? Wani cikakken husufin zai ratsa Nijeriya ta wajen Legas ranar 20 ga Maris, 2034, mu kuma za mu ga wani sashe nasa. Yaran da ke firamare yau su ne ya kamata su auna shi.

Kada kuma a raina mai sha'awa. William Herschel makaɗi ne lokacin da ya gano duniyar Yuranus a 1781 da madubin da ya ƙera da hannunsa. Thomas Bopp, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka gano wata tauraruwa mai wutsiya a 1995, bai mallaki madubi ba, da na abokinsa ya gan ta.

Kammalawa

Shawarata uku ce. Kowace makarantar sakandare ta kafa ƙungiyar kallon taurari, mata da maza, da littafi ɗaya na rubuta abin da aka gani. Ƙungiyar iyaye da malamai ta sayi madubi mai ido biyu guda ɗaya kafin a yi zancen babba. Sannan ɗalibai su zauna da malaman zaure da tsofaffin manoma da makiyaya, su rubuta sunayen taurari da lissafinsu kafin masu shi su ƙare, domin madubi ana iya sayensa baɗi, amma tsoho in ya tafi ya tafi da abin da ya sani.

 Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.