Daga Maɗaba'ar Sabon Gari Zuwa Wayar Hannu: Ina Rabon Almajirin Zaure?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama alƙalami, Ya sanya shi mai hidima ga ilimi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani, da Shehu Ibrahim Inyass, da halifofinsu, da dukkan waliyyan Allah.

Bayan haka, ya ku shehunai, da muƙaddamai, da sauran 'yan'uwa maza da mata, maganar da za a gabatar a wannan zama mai albarka ta shafi wani abu ne da yake cikin aljihun kusan duk wanda ya halarci wannan wuri, wato wayar hannu, da irin ƙofofin da ita da na'ura mai ƙwaƙwalwa suke buɗe wa wasu, suke kuma rufe wa wasu. Za a tsayar da maganar a kan Fagge da Sabon Gari, domin kuwa babu inda al'amarin ya fi fitowa fili a Kano kamar waɗannan unguwanni biyu.

Fagge tun asalinta zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Buzaye da sauran fatake suke sauke kaya kafin su shiga birni. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, sai aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu. A yau unguwannin biyu suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, kuma tsohuwar al'adar nan ba ta canja ba: sabon abu a nan yake fara sauka. Atamfa ta sauka a Kantin Kwari, rediyo da rikoda suka sauka a kasuwar Sabon Gari, wayar hannu kuma ta sami mazauni a titin Beirut. Saboda haka almajirin da yake karatu a zaurukan Fagge yana kwana yana tashi a bakin ƙofar zamani, sai dai zama a bakin ƙofa daban, shiga ciki daban.

Kafin a zo kan yau, ya kamata a waiwayi yadda magabata suka yi da na'urar zamaninsu, wato injin ɗab'i. Lokacin da Faila ta bunƙasa a Kano, bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim a aikin Hajji na 1937, malamai irin su Shehu Abubakar Atiku Sanka, wanda ya rasu a 1974, da Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari, wanda ya rasu a 1970, da Shehu Sani Kafinga, sun yi rubuce-rubuce masu yawa, na Larabci da na Ajami. Da a ce sun dogara ga kwafi da hannu kaɗai, da littafi ɗaya sai ya shekara bai wuce unguwa biyu ba. Amma ba su yi haka ba. Wasu littattafan attajiran Kano suka ɗauki nauyin aika su Misra aka buga a maɗaba'ar Halabi, wasu kuma aka buga su a nan gida, a maɗaba'u irin su Oluseyi da Adebola, waɗanda mutanen Kudu suka kafa. Wanda duk ya gaji tsofaffin ƙasidu a gidansu, ya duba bangon baya, zai iya cin karo da waɗannan sunaye.

Abin lura a nan shi ne hikimar da suka yi amfani da ita. Almajirin Kano ya tashi ne da ƙira'ar Warshu da rubutunta, inda ake sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Idan aka miƙa masa bugun Gabas, mai ƙaf da ɗigo biyu, sai harshensa ya riƙa tuntuɓe. To, maimakon a tilasta wa almajiri ya bar rubutun da ya sani, sai aka nemi gwanayen marubuta irin su Sharu Bala Gabari, su rubuta littafi da hannunsu, sannan a ɗauki hoton shafukan a buga dubbai, a kai kasuwar Kurmi. Injin Bature ne, mai injin Bayarabe ne, amma hannun da ke kan takarda na Bakano ne, kuma ɗan ƙauyen da ya saya ya karanta ba tare da ya nemi mai fassara ba. Haka aka yi da lasifika, haka aka yi da rediyo da kaset, har tafsirin azumi ya shiga ɗakunan matan da ba su taɓa zama a gaban malami ba.

A watan Agusta na 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Najeriya. A farkon al'amari layi kaɗai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, sai attajirai da manyan ma'aikata. Shigowar Glo a 2003 ta karya farashi, daga baya wayoyin Sin masu araha suka cika kasuwa. Yau ɗan dako a Kwari yana da waya, mai shayi yana da ita, gardi a tsangaya yana da ita. Wannan ne ya sa wasu suke zaton an gama magana, kowa ya samu. Alhali kuwa mallakar waya ita ce mafi sauƙin ɓangaren al'amarin.

A ɗauki misalin alaramma wanda ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, yana kuma rubuta wasiƙa da Ajami ba tare da kuskure ba. Wannan mutum a zaure malami ne, ana durƙusa masa. Amma da zarar ya tsaya a gaban na'urar cirar kuɗi, ko aka turo masa saƙon banki da Turanci, sai ya koma kamar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, aka ga dattawa suna bin layi tun asuba, wani yaro ne zai cike musu takarda. A farkon 2023, bayan da aka canja fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka yi wuya a hannu, ciniki ya koma ta waya, mutane masu mutunci da yawa suka riƙa miƙa katinsu da lambar sirrinsu ga wanda ba su sani ba, don kawai su sayi abin cefane. Wanda aka cuta a cikinsu sau da yawa shiru yake yi, domin kunyar a ce malam bai iya ba ta fi masa zafi a kan asarar kuɗin.

Na yara ya fi wannan nauyi. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kan kwamfuta. Yaron da ya fito daga makarantar Islamiyya, yana da Nahawu da Fiƙihu a kansa, yana son ya karanta Larabci ko Shari'a a Jami'ar Bayero, dole ya zauna a gaban na'urar da wataƙila ranar ce farkon taɓa ta a rayuwarsa, ga agogo yana tafiya. Abokin zamansa kuwa, wanda ya yi makarantar kuɗi a Sabon Gari, tun yana firamare yake wasa da ita. Tsakanin gidajensu bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba. Idan na farko ya faɗi, sai a ce ba shi da ƙoƙari, alhali ba a ilimi aka kayar da shi ba, a yatsu aka kayar da shi. Annobar korona ta 2020 ta ƙara tona wannan asiri: da aka rufe makarantu, 'ya'yan masu hali suka ci gaba da darasi ta intanet, sauran kuma suka dogara ga abin da aka watsa a rediyo da talabijin, in an sami wuta ko batir.

Maganar wuta da kuɗin data kuwa kowa ya san ta, ba ta bukatar dogon bayani. Shagunan cajin waya da ke kowane lungu sun isa shaida, kuma a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100.

Akwai kuma wani giɓi wanda ya shafi ahalin zawiyya kai tsaye, shi ne giɓin littattafai. Ɗalibin ilimi a yau yana iya ɗaukar dubban mujalladai a cikin waya, ta hanyar taskoki irin su Maktaba Shamila, kuma wannan ni'ima ce wadda magabata suka yi tafiyar watanni a kan abin da bai kai ta ba. Sai dai idan ya nemi rubuce-rubucen malaman Kano, na Sanka da na Salga da na Kabara, zai tarar kaɗan ne suka shiga irin waɗannan wurare, yawancinsu suna cikin adaka da gafaka, gara da damina suna cin rabonsu. Yaron da ya tashi yana neman komai a waya, abin da bai gani a cikinta ba sai ya ɗauka babu shi. Ta haka ne zai girma yana zaton garinsu bai taɓa fitar da marubuci ba, ya kuma ɗauki fahimtar addini daga duk wanda ya riga shiga wayarsa. Ba a zargin yaron. Wanda ya ajiye littafin kakansa a ƙarƙashin gado, ya hana a ɗauki hotonsa, shi ya kamata ya yi wa kansa hisabi.

Ga wata bushara da ba kowa ya sani ba. A 2016 ƙungiyar Unicode, wadda take tsara haruffan da na'urorin duniya suke ganewa, ta shigar da fa da ƙaf da nun na rubutun Warshu cikin tsarinta. Ma'ana, rubutun allo yana da gurbi a cikin kwamfuta, abin da ya rage shi ne masu koyon bugawa da shi. A wajen Najeriya ma, Jami'ar Boston ta Amurka ta yi shekaru tana ɗaukar hoton rubuce-rubucen Ajami na Hausa da Wolof da wasu harsuna tana adanawa. Abin kunya ne a ce baƙo ya san darajar takardar da mai ita yake naɗe ƙosai da irinta.

Amma dole a yi wa 'yan'uwa gargaɗi a nan, domin ɗariƙa a kan isnadi da izini aka gina ta. Waya tana kawo lafazi, ba ta kawo tarbiyya. Littafin da aka buga a na'ura yana iya zuwa da kuskuren ɗigo ɗaya wanda zai juya ma'ana, kuma babu malami a cikin wayar da zai ce a tsaya a gyara. Ana yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu na wani malami, a watsa a WhatsApp ko TikTok, a haddasa gaba tsakanin Musulmi, har an kai zamanin da na'ura take kwaikwayon muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba. Ana kuma ganin wuridai da asirai suna yawo ba tare da an san wanda ya ba da izininsu ba. Wasu dattawa, saboda wannan, suna ganin mafita ita ce a raba almajirai da waya ɗungurungum. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma wanda bai san yadda ake yanka bidiyo ba shi ne farkon wanda yankakken bidiyo zai ruɗa. Muridin da aka koya wa ya tambayi asalin saƙo kafin ya tura, kamar yadda aka koya masa ya tambayi silsilar muƙaddami kafin ya karɓi wuridi, shi ne ya tsira.

Mata kuwa nasu giɓin ninki biyu ne. Da yawa daga cikin matan aure da suke zuwa makarantun dare a Fagge wayar da ke hannunsu ƙarama ce, ko kuma ta maigida ce sai ya dawo. Cibiyar CITAD da ke nan Kano ta daɗe tana jan hankali a kan wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira mata su zo gare ta ba, jajis ta tura ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa. Mace ɗaya da ta iya sarrafa waya da kyau a cikin gida tana iya zama jajin wannan zamani ga kishiyoyinta da 'ya'yanta da maƙwabtanta.

Abin da ake roƙo ga zawiyoyi bai fi ƙarfinsu ba. A cikin sahun wazifa na kowace yamma a Fagge akwai samarin da suke kwance waya su ɗaura a titin Beirut, akwai masu shagon buga takardu a Sabon Gari, akwai waɗanda suka yi karatu a reshen Kano na cibiyar Digital Bridge, wadda hukumar sadarwa ta kafa a 2004. Akwai kuma attajiran Kwari waɗanda kwamfuta biyar da faifan sola ɗaya ba su kai kuɗin dila guda a wurinsu ba. Kakanninsu ne suka biya kuɗin ɗab'i a Misra. Idan muƙaddami ya ware awa ɗaya tsakanin La'asar da Magariba, ranar Alhamis da babu karatun allo, ya sa ɗaya daga cikin samarin nan ya zaunar da almajirai goma, to, kafin Maulidin baɗi za a sami yaran da za su shiga ɗakin jarrabawa hannunsu bai yi rawa ba, da dattawan da za su duba asusunsu da kansu. A fara da karatun boko na Hausa ga wanda bai iya ba, domin wanda ya iya Ajami ba ya daɗewa a kansa.

Game da littattafai kuma, kowane gidan malamai ya fito da abin da ke adakarsa, a ɗauki hoton kowane shafi da waya mai kyau, a wuri mai haske, ba tare da an raba takardun da gidan ba. A rubuta sunan mawallafi, da na wanda ya kwafa, da na malamin da aka karanta littafin a wurinsa, sannan wani masani ya gwada hoton da asali kafin a sake shi. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, domin mutanen Sabon Gari ba su manta da gobarar kasuwa ta 2016 ba, da abin da ta cinye a dare ɗaya.

Allah Ya ba da ikon aikatawa, Ya maimaita wannan taro cikin lafiya da aminci.