Kulorin A Ruwan Famfo: Amfaninsa Da Abin Da Yake Haifarwa

Ya ku 'yan uwa, wasu daga cikinmu sun zo da tambaya a kan ruwan famfo, domin sun ji ana cewa maganin da ake zuba masa yana jawo cutar daji. Maganar tana da tushe, amma an cika ta da gishiri.

Maganin shi ne kulorin, kuma tun shekarar 1908 birnin Jasi Siti na Amurka ya fara zuba shi a ruwan sha. A 1974 wani masani a Rotadam ta ƙasar Holan, Johannes Rook, ya gano cewa idan kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da dattin da kogi yake kwasowa, yakan haifar da wasu sinadarai, mafi shahara a cikinsu shi ne kulorofom. Bincike ya nuna alaƙa tsakanin shan irin wannan ruwa shekara da shekaru da ƙaruwar cutar dajin mafitsara. Saboda haka Amurka ta sa iyaka a 1979, maikurogiram 100 a kowace lita, ta kuma rage zuwa 80 a 1998.

To, amma mu auna da kyau. Wannan haɗari ƙarami ne, kuma sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana, alhali kwalara tana iya kashe ƙato cikin yini guda. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da ta kashe mutane fiye da 3,000 a Nijeriya, akasarinsu a jihohin Arewa. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta don tsoron waɗannan sinadarai. Wanda ya bar ruwan famfo ya koma rijiyar da ke daura da masai, lallai ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Haƙiƙa laifin yana ga dattin da kulorin ya tarar. Da damina, sa'ad da kogi ya yi jawur, ma'aikatar da ta gaza tace ruwa sosai takan ƙara kulorin don ta rufe giɓin, a nan ne sinadaran suke yawaita. Haka mai gidan da ya kwarara maganin a gurɓataccen ruwa kai tsaye. Abin da ya dace shi ne a sa alif, a bari ya kwanta, a tace, sannan a zuba maganin daidai awon da aka rubuta a jikin kwalba. Tafasawa tana korar mafi yawan kulorofom, ko da yake akwai 'yan uwansa da ba sa bin tururi.

Su kuwa hukumomin ruwa, haƙƙinmu ne a kansu su riƙa auna waɗannan sinadarai, musamman daga Yuli zuwa Satumba, su kuma bayyana wa jama'a sakamakon awon.