JAWABI GA MASU KIWON ZUMA: TSUTSAR YAU CE ƘUDAN ZUMAN GOBE

 

Jawabin wannan wata a kan ƙwari ne, musamman ƙudan zuma. Duk wanda ya bi gefen fadamar Gulbin Rima, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, zai riƙa ganin amya rataye a kan itatuwa. Masu wannan kiwo da yawa kukansu ɗaya ne. Bana an sha zuma, baɗi amya ta zama kango. Galibi abin da ke jawo haka shi ne rashin sanin yadda ƙwaron yake girma.

JIKIN ƘWARO

A bakin Bahaushe, kunama ƙwaro ce, gizo-gizo ma ƙwaro ne. Amma masana sun ware su daban, domin ƙafafunsu 8 ne. Ƙwarin da ake magana a kansu a nan masu ƙafa 6 ne. Jikinsu kashi 3 ne: kai, da ƙirji, da ciki. Ƙafafu da fukafukai duk a ƙirji suke. A kai akwai wasu 'yan sirara guda 2 kamar ƙaho, da su suke jin ƙamshi. Ba su da ƙashi a ciki, ɓawon jikinsu shi ke riƙe da su. Saboda ɓawon ba ya miƙewa, sai sun yi saɓa kamar maciji kafin su ƙara girma. Fara, da gyare, da sauro, da ƙudan zuma, duk 'yan wannan dangi ne.

HANYOYIN GIRMA GUDA BIYU

Hanya ta farko ita ce ta fara da gyare. Matakinsu 3 ne. Uwa ta zuba ƙwai cikin ƙasa. Ƙwai ya ƙyanƙyashe, ɗa ya fito kama da uwarsa, sai dai ƙarami ne kuma ba fiffike. Ya yi ta saɓa har fiffike ya fito.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙudan zuma, da sauro, da malam-buɗe-littafi. Matakinsu 4 ne. Na ɗaya, ƙwai. Na biyu, tsutsa, wadda ba ta da aiki sai ci. Na uku, kwanci, wato tsutsa ta daina ci, ta lulluɓe, jikinta ya sake kama. Na huɗu, cikakken ƙwaro. A wannan hanya ɗa ba ya kama da uwarsa ko kaɗan. Nan ne mutane ke ruɗewa.

Mai son ya gani da idonsa, ga gwaji mai sauƙi. Yaro ya samo tsutsar ganye, ya sa ta cikin kwalba mai faɗin baki. Ya ɗaure bakin da ƙyalle domin iska ta shiga, ya ajiye a inuwa. Kullum ya ba ta sabon ganye irin wanda ya same ta a kai, domin ba kowane ganye take ci ba. In ta daina motsi kada a zubar, ba mutuwa ta yi ba. In an yi haƙuri za a ga ta fito da fukafukai. Sai a sake ta.

MAZAUNA AMYA

A cikin amya akwai iri 3. Akwai wadda ake kira sarkin zuma. Gaskiyar magana mace ce, sarauniya ce, kuma ita ce uwar gida duka. Lokacin da fure ya yawaita takan zuba ƙwai fiye da 1,000 a rana. Akwai ma'aikata, su ma mata ne. Su ke ɗebo ruwan fure, su gina saƙa, su ciyar da tsutsa, su yi gadi. Su ne masu harbi. Sannan akwai maza, ba su harbi, aikinsu barbara kawai.

Ga lissafin ma'aikaciya. Tana kwana 3 a ƙwai. Tana kamar kwana 6 a tsutsa. Daga nan a rufe mata ɗaki da kaki, ta yi kamar kwana 12 a kwanci. Jimla mako 3 ke nan, ko ƙasa da haka kaɗan. Sarauniya kwana 16 take ɗauka, namiji kuwa 24.

To, ma'aikaciya ba ta daɗewa. A lokacin aiki mai yawa mako 6 ne kawai ta mutu. Ashe ke nan kullum sai an sami sababbi da za su maye gurbi. Fararen tsutsotsin nan da ake gani cikin saƙa su ne sababbin. Wanda ya kwashe su, ya matse su cikin zuma, ya kashe ma'aikatan wata mai zuwa. Kuma zumar da aka cuɗa da tsutsa saurin tsami take yi, ba ta daraja a kasuwa.

Mutanen Argungu ba sai an yi musu dogon bayani ba. An hana su a Matan Fada sai lokacin biki, domin kifi ya sami sararin girma. Haka amya take.

ABIN DA MAI AMYA ZAI KIYAYE

1. Ya bambance saƙa. Ta zuma murfinta fari-fari ne, kuma tana da nauyi. Ta 'ya'ya murfinta ruwan ƙasa ne, galibi tana tsakiya. Ya ɗebi ta zuma, ya bar ta 'ya'ya.

2. Ya yi amfani da hayaƙi, ba wuta ba. Hayaƙin busasshen kashin shanu ya isa ya kwantar da su. Wuta kuwa tana ƙone sarauniya, gida ya mutu.

3. Kada ya kwashe zuma duka. Ya bar musu abincin da zai kai su lokacin da fure ya yi ƙaranci. In yunwa ta kama su, ƙaura za su yi.

4. Da bazara ya ajiye musu ruwa a kasko kusa da amya. Ya zuba tsakuwa ko 'yan karare a ciki don kada su nutse.

5. Ya roƙi maƙwabta kada su yi feshin magani da rana sa'ad da shuka ke fure. In ya zama dole, a bari sai yamma liƙis. Amfanin kowa ne, domin ƙudan zuma ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. Da haka kankana da kabewa ke yin 'ya'ya, albasar iri kuma ta yi ƙwaya.

Mai hali yana iya neman akwati mai sanduna irin na ƙasar Kenya. A cikinsa kowace saƙa tana rataye a sandarta. Ana ɗagawa a duba, a mayar ba tare da ɓarna ba. Kafinta na iya yin sa in an nuna masa awo. Malamin gona zai yi ƙarin bayani.

Jama'a, zuma da zaƙi da harbi. Wanda ya san kwanakinta, ya tausaya wa 'ya'yanta, zai sha bana, ya sha baɗi. Wanda ya karanta wannan jawabi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya sa albarka cikin kiwo, ya ba da damina mai albarka. Amin.